Hajiya Salamatu da Ɓawon Abarba

Duk wanda ya taɓa zama a ƙofar shagon Alhaji Harouna da ke unguwar Biafra, a Treichville ta birnin Abidjan, bayan sallar la'asar, ya san babu ƙasar da ake yi wa shari'a a wurin kamar Tailan. Shinkafar da ke jibge a cikin shagon daga can take zuwa, kuma rabin masu zama a kan bencin sun taɓa leƙa Bankok saro kaya, ko da na mako guda ne. Saboda haka kowa da ta cewa. Wannan ya ce mutanen can murmushinsu bai kai ciki ba. Wancan ya ce ba ka gama haddace sunan shugaban gwamnatinsu sai ka ji an sake wani. Wani kuma abin da ya tsaya masa a rai shi ne sukarin da suke zubawa a miya. Wanda ya fi kowa baki a cikinsu shi ne Abdulbaqi, wani Bakano mai shigo da kayan wayoyi, wanda in ya fara bayanin Tailan sai ka rantse a can aka yanke masa cibiya.

Hajiya Salamatu, ƙanwar Alhaji Harouna, ba ta zama a majalisar, amma ɗakinta yana cikin gidan da ke bayan shagon, ta taga take jin komai. Ita ce kuwa ta fi su duka sanin ƙasar. Tun tana da ƙuruciyarta take zuwa Bankok saro takalman mata, tana sayarwa a shagonta na Adjamé. Da wannan ciniki ta riƙe 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta, da shi ta aurar da su. A can ba otel take sauka ba. Akwai wata Musulma 'yar ƙasar mai suna Huda, da suka haɗu a masallaci, wadda gidansu yake bayan gari, inda gonaki suka fara. Iyalin Huda kiwon shanu suke yi. Salamatu, da aka haifa a karkarar Tahoua kuma ta tashi da warin garke a hancinta kafin a kawo ta Abidjan, takan kwashe yini a turken nan tana kallo. Shanun ba su zuwa kiwo ko'ina. Ɓawon abarba ake kawowa daga masana'anta, a tsima shi a cikin ganga, a haɗa da dusa da ciyawa. Sa ya shigo haƙarƙarinsa a waje, bayan 'yan watanni ya fita da ƙyar yake ɗaga ƙafa.

Cinikin takalmi ya daɗe da ja da baya. Kayan Sin sun cika Adjamé, 'yan mata kuma a waya suke zaɓen abin da suke so. Wata ranar Laraba, da ta ratsa kasuwar Gouro za ta sayi kayan miya, sai ta tsaya a gaban tulin ɓawon abarba da ragowar ayaba da ake jiran motar shara ta kwashe. Ta daɗe a tsaye, har mai turin baro ya yi mata tsawa ta ba shi hanya.

A yammacin ranar majalisa ta ɗauko zancen tsadar dabbobi. Ana ta cewa hanyar arewa ta lalace, motocin shanu ba sa saukowa kamar da, bana mai layya da sa sai wane da wane. Daga nan, kamar kullum, zance ya karkata Tailan. Abdulbaqi ya ce ai mutanen can ba su san saniya ba, ɓauna kawai suke da ita ta huɗar shinkafa, naman da ya ci a Bankok kuwa kamar igiya.

Salamatu ta yafa gyalenta ta fito. Ta yi sallama, ta gaishe da yayanta, ta gaishe da sauran. Sannan ta tambayi Abdulbaqi ko ya taɓa fita daga unguwar 'yan kasuwa a duk zuwan da yake yi. Ya ce me zai kai shi ƙauye. Ta ce to ita ta je, kuma ta ga shanun da ko a kasuwar shanu ta Port-Bouët ba a cika ganin irinsu ba. Ta juya wajen yayanta.

"Yaya, dama ina so in gaya maka. Zan rage takalman nan in sayi shanu. Turka su zan yi, irin yadda na gani a can."

Wani ya fashe da dariya, saura suka bi. Abdulbaqi ya ce wannan shi ne sabon labari, Bahaushiya 'yar Tahoua za ta koyi kiwo a wurin masu cin ƙwaro. Alhaji Harouna bai yi dariya ba. Ya ce mata ta shiga gida, za su yi magana.

Maganar ba ta yi daɗi ba. Ya tuna mata cewa mahaifinsu saboda shanu ya bar gida, fari ya kashe masa garke ya zo bakin teku da 'ya'ya biyu da buhun tufafi, ya sha wahala kafin ya tsayar musu da suna a kasuwa. Yanzu ita za ta mayar da su inda suka fito? Ta ce fari ne ya kashe shanun Baba, a Abidjan kuwa abincin shanu ake biyan mota ta zubar. Ya ce bai yarda ba. Ta ce ta ji, kuma ta gode da shawara.

Ta karyar da rabin kayan shagonta. Ta kama hayar wani fili a bayan garin Anyama, arewa da Abidjan, ta sa aka kafa rumfar kwano, ta samu wani dattijon Bafulatani da zai riƙa kwana a wurin. Sannan ta je Port-Bouët ta zaɓi bijimai biyar da doguwar tafiya ta tsotse, irin waɗanda mahauta ke wucewa ba su ko kalla. Dillalan suka yi ta kallonta, mace ita kaɗai tana buɗe bakin sa tana duba haƙora.

A kasuwar Gouro ta ƙulla da wata mai sarar abarba da ake kira Tanti Odette, wadda matan da ke yanka abarba suna ƙullawa a leda duk a hannunta suke saye. Tanti Odette ta yi mamakin mai son shara, amma ta ce indai za a raba ta da ƙudaje to a zo a kwashe. Kullum da safe sai a ga Hajiya Salamatu, da a da ba ta fita sai da leshi da turare, ta ɗaura tsohon zane, ta sa takalmin roba, tana tsaye ana cika mata buhuna. Direbobin gbaka, ƙananan motocin haya na Adjamé, suka fara ƙin ɗaukarta saboda tsamin kayan, sai da ta samu mai a-kori-kura. Kafin wata ya ƙare labari ya haye gada ya isa Treichville. A majalisa aka sa mata suna Hajiya Bola. Matan unguwa da suka saba zuwa ɗakinta kallon sababbin takalma suka rage zuwa. Ranar wani suna, ta ji da kunnenta wata tana cewa a matsa mata, kada a ɗauki wari.

Bijiman sun fara cika, gashinsu ya fara sheƙi, wannan ya ishe ta.

Sai ta yi kuskure. Abarba ta yi ƙaranci a kasuwa na 'yan kwanaki, wata mai yin aceke, wato dambun rogo, ta ba ta ɓawon rogo kyauta, buhu-buhu. Ta tuna ta ga ana ba shanu rogo a gidan su Huda, ba ta tsaya tambaya ba, ta sa aka zuba musu shi ɗanye. Kafin azahar Bafulatanin ya kira ta. Da ta isa, babban cikinsu, wani fari mai baƙin wuya da ta fi so, yana kwance yana kumfa, ƙafafunsa suna rawa. Kafin a samo wuƙa ya cika. Sauran huɗun likitan dabbobi ya yi ta fama da su har suka miƙe. Shi ya gaya mata ɓawon rogo mai ɗaci yana da dafi in ba a shanya shi ya bushe ba. Da ta kira Huda a waya, da ɗan Turancin kasuwa da suke fahimtar juna da shi, Huda ta kama kai ta ce ai nasu sai ya kwana biyu a rana.

Salamatu ta tsaya har aka haƙa rami aka binne san. Ko fatar ba ta bari an cire ba. A mota, a hanyar komawa, ta rufe fuska da gyale ta yi kukanta, ta share kafin su iso Adjamé.

Ta tarar labari ya riga ta isa gida. Wannan karon Alhaji Harouna bai kira ta ciki ba, a gaban majalisa ya tsayar da ita, wataƙila yana ganin kunyar mutane za ta yi abin da maganarsa ta kasa. Ya ce ga abin da ya guda ya faru. Ya ce ya yi magana da wani mahauci zai kwashe sauran huɗun gobe, ita kuma ta koma shagonta, shi zai cika mata kaya. Abdulbaqi ya sa baki da murya mai taushi, ya ce ai ba laifinta ba ne, dabarar mutanen can ce ba ta da albarka, shi ya san su sarai.

Ƙafarta duk taɓo, zanenta yana warin abarba. Ta dubi Abdulbaqi tukuna.

"Malam Abdulbaqi, dabararsu ba ta kashe mini sa ba. Ni na kashe shi da gaggawata, kuma na san inda na yi kuskure. Kai kuwa shekara nawa kana zagin mutanen nan a kan bencin nan, shinkafarsu kake ci, ko sunan mutum ɗaya a cikinsu ba ka riƙe ba."

Sannan ta juya ga yayanta, ta rage murya, don ba ta so a ce ta ɗaga masa harshe.

"Yaya, ka yi mini uba tun Baba ya rasu, ban manta ba. Amma shanun nan da guminna na saye su. Ka gaya wa mahaucin kada ya wahalar da kansa. In sun mutu duka, ni zan binne su, in sake sayen wasu."

Alhaji Harouna ya ce in haka ne, kada ta ƙara kawo masa maganarta, ta alheri ko ta sharri. Ta ce Allah ya huci zuciyarsa, ta shige gida. A bayanta babu wanda ya yi dariya, amma babu wanda ya goyi bayanta.

Daga ranar ya daina amsa gaisuwarta sai da ka. Gida ɗaya, ƙofa ɗaya, in ta fito da asuba yana alwala sai ya kau da fuska. Wannan ya fi mutuwar san ci mata rai, don su biyu kaɗai suka rage a cikin 'ya'yan mahaifinsu. Sau da yawa takan tsaya a bakin ƙofarsa da niyyar shiga, sai ta tuna abin da zai nema kafin ya sauko, ta wuce. Ta shimfiɗa tamfol a filin Anyama tana shanya rogo. Ta koyi gane tsamin da ya yi daidai da wanda ya wuce, ta hanyar sansanawa. Hannayenta suka yi kaushi, zoben da take sawa ya daina shiga.

Da babbar salla ta matso, ba ta kai shanun kasuwa ba. Masu saye ne suka bi ta har Anyama, yawancinsu 'yan kasuwa na ƙabilar Jula da mutanen gari da Tanti Odette ta baza wa labari. Uku suka tafi a mako guda. Na huɗun bai yi ƙiba kamar 'yan'uwansa ba, tun ciwon nan bai koma daidai ba, sai bayan salla wani mahauci ya ɗauke shi da arha. Da ta zauna ta duba, ba ta yi asara ba, amma ribar ba ta kai yadda ta yi mafarki ba, san da ya mutu ya tafi da mafi yawanta. A majalisa aka ce sa'a ce kawai da tsadar bana, baɗi za ta gane kurenta.

Bayan salla da mako biyu ta sayar da ragowar takalman, ta miƙa wa mai shagon Adjamé makullinsa. Maƙwabtanta na layin suka taru suna yi mata fatan alheri da irin muryar da ake yi wa mai tafiya asibiti.

Da yamma matar Alhaji Harouna, Dije, ta shigo ɗakinta da kwanon tuwo, ta zauna a bakin gado tana ta kewaye-kewaye. Daga ƙarshe ta ce Alhaji ne ya aiko ta. Ya ji an ce ta saki shago, ya ce a gaya mata har yanzu bai yarda ba, kuma ba zai taɓa yarda ba. Amma ya ce motarsa da ke kai shinkafa Abobo tana komawa wajen Anyama babu kaya, in direban ya ga dama ya ɗauki wasu buhuna a Gouro, shi bai sani ba, kuma kada a gaya masa.

Salamatu ta buɗe kwanon, ta gutsiri tuwon, ta daɗe tana juya lomar a cikin miya.

"Ki ce masa na gode, Allah ya ƙara girma. Amma ina da mai ɗaukar mini kaya, ba zan kore shi ba. In yana so ya taimake ni, ya amsa gaisuwata da baki."

Dije ta ce za ta faɗa masa, ko da yake ta san halin mijinta. Washegari Salamatu ta fito, ta same shi a tsakar gida, ta durƙusa ta ce ina kwana. Ya ɗaga mata kai kawai, ya ci gaba da jan carbinsa. Ta miƙe, ta gyara ɗaurin zanenta, ta fita neman motar Port-Bouët, don an ce mata shanu sun sauka daga arewa jiya, ramammu, kuma tana so ta riga mahauta isa.