Butar da Ba a Alwala da Ita

Alhaji Mijinyawa ya tsufa yana sayar da albasa a kasuwar Adjamé, ya ga wauta kala-kala, amma bai taɓa ganin mai koyon gudu a tsaye wuri ɗaya ba sai a kan ɗansa Imrana.

Kullum bayan asuba Imrana zai fito tsakar gida da wani dunƙulen ƙarfe mai mariƙi. Ya ware ƙafafu, ya lila shi ta tsakaninsu, ya miƙe da ƙarfin ƙugu har ƙarfen ya tashi daidai ƙirjinsa. Haka zai yi ta yi sai gumi ya jiƙa siminti. Alhaji ya raɗa wa abin suna buta.

"To, mai butar da ba a alwala da ita, yau gari nawa ka wuce?"

"Baba, likita ya ce in hutar da gwiwar nan. Wannan shi ke gina baya da numfashi."

"Baya! Da baya ake gudu?"

Aikin kashe gobara Imrana yake nema a wani kamfani na tashar jiragen ruwa, can Treichville, kuma sai wanda ya ci gwajin gudu ake ɗauka. Bara ya gwada. Ya fara kamar barewa, ya ƙare a duƙe, riƙe da ƙugu. Bana ce damarsa ta ƙarshe, don shekarunsa sun kai iyakar da aka sa. Sun yi magana da uban: in ya faɗi, ya karɓi rumfar albasa, kada a sake jin zancen.

Gaskiya Alhaji faɗuwar yake so. Ba ƙiyayya ba ce, tsoron wuta yake yi wa ɗansa. Ranar gwajin ya saka babbar riga, ya jefa makullan rumfa a aljihu don ya miƙa wa Imrana in ya faɗi, ya ce zai yi rakiya.

Taksinsu bai kai gadar da ake haye ruwa zuwa Treichville ba hanya ta cushe. Motoci suka tsaya cik, masu sayar da ruwan sanyi suna yawo a tsakani. Imrana ya duba agogo, ya sake dubawa.

"Baba, in aka kira suna ba na nan, c'est fini, magana ta ƙare."

"To ai ka ga ikon Allah," in ji Alhaji, yana ƙoƙarin ɓoye daɗin da ya ji.

Imrana ya sunkuya ya ɗaure igiyar takalmi. "A yi mini addu'a."

"Kai! In ka ƙarar da ƙarfinka a hanya, da me za ka yi nasu gudun?"

"Akwai saura, Baba."

Ya buɗe ƙofa ya fita.

Alhaji ya leƙa ta taga, sannan ya fito gaba ɗaya ya tsaya a gefen titi. Shekara da shekaru yana kallon masu dakon buhunan albasa, ya san inda gajiya ke fara kama mutum: kafaɗa ta zube, baya ya lanƙwashe, sai ƙafa ta bi. Abin da yake jira ya gani ke nan, musamman a hawan gada, inda kowa ke sarewa.

Imrana ya kama hawan. Bayansa a miƙe yake kamar taɓarya, ƙugu na tura shi gaba irin yadda yake tura ƙarfen nan kowace safiya. Bai waiwayo ba. Farar rigarsa ta yi ta ƙanƙancewa a saman ruwa har ta ɓace cikin motoci.

Direban taksin, wanda shi ma Bahaushe ne, ya fito yana kare rana da hannu.

"Alhaji, wannan ɗan wasan gudu ne?"

"Ina fa. A tsakar gida yake tsayawa."

Alhaji ya sa hannu a aljihu, makullan suka yi ƙara. Ya ɗan juya su, ya bar su a inda suke.

"Malam, in hanya ta buɗe, juya ka mai da ni Adjamé," ya ce. "Rumfa ba ta da mai buɗewa."