Akwatin da ke Ƙarƙashin Teburin Auta

Tana kan keken ɗinki tana haɗa hannun wata riga abokin aikin Auta ya yi sallama. Ya tsaya a bakin ƙofa da hular kwanon ɗanta a hannu, ya kasa haɗa ido da ita. Tun kafin ya ambaci babbar motar da ta buge Auta ta gane. Ƙafarta ta ci gaba da taka keken har allura ta karye.

Da masu ta'aziyya suka watse, zama ya gagare ta. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa. Ta ɗauki ɗinki, ta ajiye. Duk inda ta juya wani siririn gunji na bin ta daga ɗakin Auta. Wani baƙin akwati ne a ƙarƙashin teburinsa, bai fi kwalin takalmi ba, da 'yar koriyar fitila a goshi. Sau nawa Auta ya ce mata, "Mama, ko gobara ake yi kada ki taɓa wannan." Rana ta tara haƙurinta ya ƙare, ta fizge wayar wutar akwatin daga bango.

Washegari sai ga baƙi biyu, wata yarinya ma'aikaciyar jinya da wani tsohon malamin makaranta. Suka tarar da ƙaninta, direban tasi, yana shan shayi.

Bayan gaisuwa yarinyar ta ce, "Mama, an kashe akwatin nan ne?"

"Ni na kashe. Mai shi ya tafi, wa kuma yake yi wa gunji?"

"Mu," in ji malamin. "Mun fi mutum ɗari. Dandalin da muke hira ta waya a cikinsa yake. Auta ya kafa mana, don kada wani kamfani ya riƙa leƙa maganarmu. Duk abin da ya taɓa rubutawa yana nan ciki."

"Yo ku koma inda kowa yake mana," in ji ƙanin. "Ni duk duniya ta san abin da na ci da safe. Me ya ragu a jikina?"

"Tumbin dai bai ragu ba," in ji malamin.

Ita ba ta tsaya dariya ba. Ta shiga ɗakin, ta durƙusa, ta mayar da wayar. Shiru. Ta miƙe, ta je ƙofa, ta dawo. Can fitilar ta ƙifta.

Yarinyar ta buɗe wayarta ta karanta mata wani saƙo da Auta ya rubuta wa kowa: "Yau ma Mama ta ɗinke mini aljihu. Ta ce in na ƙara yagawa da ƙusa za ta kafe shi."

"Ƙara," in ji uwar. Aka ƙara har saƙonnin suka ƙare, ba ta ƙoshi ba.

"Yaya, ai na sirrin sun fi yawa," in ji ƙanin. "Na san wani mai gyaran waya, kafin la'asar ya fasa miki shi."

Tana so, so ba kaɗan ba. Ta dubi yarinyar. "Naki ma suna ciki?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Suna ciki, Mama."

Ta daɗe tana murza bakin zanenta. "Shekara talatin ina wanke masa riga. In na ji takarda a aljihu, cirewa nake in ajiye masa a ninke."

"Don karatun naki bai yi nisa ba ne, Yaya."

"Ko da ya yi. A bar shi a rufe, a bar shi a kunne."

Har yau ba ta iya dogon zama. In aka ɗauke wuta, ita ce farkon tashi ta duba ko batirin da malamin ya haɗa ya kama. Kowace safiya kuma, kafin ta taka keke, sai ta ɗauki ƙyallen da ya saura daga ɗinkin jiya ta goge ƙurar akwatin, ta tabbatar fitilar na ci, ta ja ƙofar rabi.