Farin Shafin Rakiya

Ga ta nan, ga ta nanku. Kun ce ta zo ku ji ta? To ku gyara zama, wannan ba ta Gizo ba ce, ta Rakiya ce mai shagon ɗinki a bakin iyakar Jibiya.

Rakiya ta jingina wayarta da keken ɗinki, ta ɗaga cokali ta buga faranti, ƙwal! Fuskoki tara suka nutsu cikin wayar, kowace a ɗan akwatinta. Mata ne masu shirin jarrabawar shiga makarantar ungozoma, wata a Gangara, wata a Mazanya, kullum da hantsi suke haɗuwa ta bidiyo. Rakiya ce ta kafa zaman, ita ta kafa dokarsa. Kowace ta faɗi abin da za ta karanta, a yi shiru minti arba'in, in faranti ya sake ƙara a ɗaga littafi a nuna abin da aka rubuta. Wadda shafinta ya fito fari, ko aka kama ta tana wata sabga, hutun kwana bakwai. Ba sani ba sabo.

To, makon jiya sabis ya ɗauke mata kwana biyu, sai Ummu Salma, ɗiyar wani direba ɗan Maraɗi, ta riƙe zaman da layinta na Nijar. Tun ranar, Luba ta Daddara ba ta da zance sai nata.

"Wallahi Yaya Rakiya, yarinyar nan ta iya riƙon zama! Har waƙa ta yi mana da sunayen ƙasusuwa lokacin hutu."

"Karatu muke ko gaɗa?" in ji Rakiya.

Abin ya tsaya mata a rai. Shekara guda tana buga faranti, ba wadda ta taɓa cewa ta iya.

Yau kam ta sha alwashin sai ta kama yarinyar da laifi. Ta ce babin jini za ta karanta, amma idonta na kan akwatin Ummu Salma. Yarinyar ta sunkuya gefe, Rakiya ta matso. Ashe biro ne ya faɗi. Bakinta ya motsa. Hira take da wani? A'a, hadda take. Motocin kaya na ta ƙugi a layin kwastan, wata mai kawo ɗinki ta yi sallama sau biyu ta juya, Rakiya ba ta ji ba. Har labulen ɗakin yarinyar ta ƙare wa kallo, ta ga ma ya fi nata kyau.

Agogo ya nuna lokaci ya cika. Ta buga faranti.

Littattafai suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Ummu Salma shafi uku, har da zanen zuciya.

"Saura ke, uwar zama," in ji Luba tana dariya.

Rakiya ta dubi nata. Bisimilla ce kawai da kwanan wata. Tana iya buɗe shafin jiya ta nuna, wa zai gane ta cikin waya? Har yatsanta ya shiga tsakanin takardun. Sai ta tuna ita ta kori Luba mako guda, ranar da ɗanta ke zazzaɓi ta kasa rubuta komai. Ta ɗaga farin shafin.



"Haba Yaya, a yafe na yau mana," in ji Ummu Salma. "Mi za mu yi in babu ke?"

Wannan tausayin ya fi komai ƙona mata rai.

"Doka ba ta da 'yar gida. Ke za ki riƙe zaman. Kina da faranti?"

"Sai dai murfin tukunya."

"Murfin tukunya! Allah ya kyauta." Ta kashe wayar.

Kwana bakwai ta yi tana karatu ita kaɗai, tana buga wa kanta faranti. Da ta dawo, mata suka ce a riƙa karɓa-karɓa wajen riƙon zaman, haka kuwa aka yi. Luba ba ta ci jarrabawar ba, sai da ta sake zama. Rakiya da Ummu Salma duk suka ci, Ummu Salma ta fi ta da maki biyu, aka kuma haɗa su ɗaki ɗaya a makaranta. Farantin yana nan a shago, maɓallai ake zubawa ciki. Ƙurunƙus, nan ta tsaya.