Lailatu Ta Ci Ƙwallo

Rakan ya ce fim zai yi. Abin da Issoufou ya tarar shi ne waya guda a kan sanda, da filin ciyawar roba a unguwar Rusaifa ta Makka, da ƙattin da suka rasa abin yi bayan la'asar.

Labarin bai cika cokali ba. Maza da mata za su buga ƙwallo, matan su yi ta faɗuwa, abaya tana kwarewa, masu kallo su yi dariya. Da yake babu macen da ta yarda ta zubar da mutuncinta, sai aka raba mazan gida biyu. Haifaffun Makka, masu takarda, suka fito a maza. Marasa iƙama, wato takardar zama, waɗanda ke gudun a ga fuskarsu a kama su, aka ba su abaya da niƙabi da matasan kai bibbiyu, ɗaya a ƙirji, ɗaya a baya.

Issoufou na cikinsu. Tun da ya zo Umara daga Maraɗi bai koma ba, dako yake yi a kasuwar unguwar Shisha. Ya zo filin ne don a gidan mahaifin Rakan yake kwana, kuma sharaɗinsa ɗaya: kada fuskarsa ta fito.

"Wace fuska, ya shehi? Yau kai Lailatu ce," in ji Rakan. "Yalla, Lailatu, rangwaɗa! Bandar na taɓa ki, ki yi ƙara ki zube."

Bandar shi ne ɗan wasan gaba na maza, tumbinsa na riga shi isa ko'ina. Issoufou ya yi ƙara, ya zube. Aka sake, ya sake zubewa. Ana haka Bandar ya ɗaka wa matashin kan da ke bayan Issoufou duka, ya ce da gurguwar Hausarsa, "Ke, koma kicin!"

A Maraɗi Issoufou ya buga wa unguwarsu ƙwallo ba takalmi. Ya tattare abaya, ya zura ƙwallon ta tsakanin ƙafafun Bandar, ya yanke mutum biyu, ya ɗirka ta a raga. Sannan ya yi abin da ya saba tun yana yaro: ya ruga gefen fili yana ihu, ya fizge abin da ke kansa ya yi jifa da shi. A gefen filin nan wayar take.

Ya tsaya yana haki. "Rakan, goge wannan."

"In goge me? Ai kai tsaye ake kallo." Rakan bai ɗaga ido daga wayar ba. "Wallahi nan ne kawai aka yi dariya. Ga wani ma yana tambaya, wai ba ɗan dakon Shisha ba ne?"

Issoufou ya ɗauki niƙabin, ya kaɗe, ya ɗaura.

"Yawwa, Lailatu, koma wurinki," in ji Rakan.

Washegari masu shaguna a Shisha suka yi ta cigiyar Issoufou, mai ɗaukar musu kaya, amma babu wanda ya gan shi.