Mutum Nawa Ne a Gidanku?

Malamar lissafi ta ba 'yan ajin su Auta aikin gida: kowa ya ƙirga mutanen da ke ƙofofin maƙwabtansa, ya raba jimillar da yawan ƙofofin, ya kawo matsakaici. Auta ta ce wannan ai kamar shan ruwa ne. Ko kayan makaranta ba ta cire ba ta fara bin ƙofofin benensu.

Ƙofar tela ta fara ƙwanƙwasawa. Ya ɗaga ƙafa daga keken ɗinki.

"Mu biyar ne, 'yata."

"Huɗu dai," in ji matarsa daga ciki. "Babban namu ya tafi aiki wani gari tun bara."

"Katifarsa ba ga ta nan ba? Rubuta biyar."

Auta ta rubuta biyar, ta goge, ta bar su suna musu.

A hawa na biyu wata nas ce ta buɗe, riƙe da ƙugu, ciki ya yi gaba.

"Yaushe za ki kai wa Malamar?"

"Gobe, Anti."

"To, mu biyu ne. In ta ɗaga zuwa wata mai zuwa, ki dawo."

Ko a nasu gidan abin bai zo da sauƙi ba. Kawu ya zo da niyyar kwana uku, ga shi har gashin kansa ya isa aski sau biyu.

"Kaka, in sa Kawu?"

"Tambayi tukunya," in ji Kaka. "Ita ta san yawanmu."

Kawu ya yi kamar barci yake.

Da Auta ta haɗa ta raba, sai ta samu huɗu da rabi. Rabin bai dame ta ba, Malama ta riga ta yi bayaninsa. Huɗun ne ba ta yarda da shi ba.

Washegari, kafin a karɓi aikin, ta ɗaga hannu.

"Malama, wai wa ake ƙirgawa? Mai katifa, ko mai cin abinci?"

Aji ya kwashe da dariya. Malama kuwa ajiye alli ta yi, ta zauna a bakin tebur, ta sa Auta ta ba da labarin tun daga farko.

"Kin taɓo inda gizo ke saƙar," in ji ta. "Kafin ƙirga, sai an yi doka. Mu yi tamu: duk wanda ya kwana a gidan jiya."

Dogo, wanda bai cika magana a aji ba, ya miƙe daga kujerar baya.

"Malama, Babana mai gadi ne a masaƙa. Can yake kwana. Ke nan shi ba ɗan gidanmu ba ne?"

Malama ta sauko daga bakin tebur. Sai ta miƙa masa allin.

"Zo ka gyara mana dokar."

Ya fito yana sosa ƙeya. Bai gama layin farko ba hannaye suka tashi ta ko'ina: wannan yayarta na makarantar kwana, wancan mahaifinsa direban babbar mota ne. Aka kaɗa ƙararrawar tara, 'yan sauran azuzuwa suka cika fili da ihu, su kuwa suna nan suna gyaran doka.