Ƙofar Ɗakin Leza

Ɗakin yana can ƙarshen baranda, ba shi da taga, ba ka jin komai sai ƙugin na'urar sanyaya ɗaki. A nan ɗalibar da ake kira Shiru-shiru take yini. Takan niƙa ƙasa, ta matse ta kamar ƙwayar magani, ta ajiye gaban leza, injin da ke harba haske mai ƙarfi. Leza ta harba, tartsatsi ya tashi, kwamfuta ta karanta haskensa ta faɗi yawan dalmar da ke ciki.

Sai dai ƙwaya ɗaya ce, amsa kuma barkatai. Da safe lambobin kan zo kusa da juna, da rana su watse.

"Wannan ba awo ba ne, canki-canka ne," in ji Farfesa mai duba aikinta. "In bai daidaita ba kafin ƙarshen wata, wani zan ba injin."

Mutum ɗaya ke leƙo ta, Iya mai shara. Da rana tsaka takan turo ƙofa, ta tokare da bokiti, ta zauna shan sanyi.

"'Yata, har yanzu kina harbin ƙasar nan? Me ta yi miki?"

"Gardama take min, Iya."

"Gara ita, ko gardama tana yi. Ke gaisuwa ma sai an roƙa."

Shiru-shiru ta goge gilasan injin, ta sake niƙa, ta riƙa sauya wurin harbi. Duk a banza. Ran nan ciwon ƙafa ya hana Iya zuwa, sai ga lambobi sun zauna lafiya har yamma. Washegari ta ajiye ma'aunin zafi kusa da injin. Iya na tokare ƙofa, iskar waje ta shigo, ma'aunin ya hau, ƙarfin leza ya fara rawa.

Ta daɗe tana tauna maganar kafin ta fito da ita.

"Iya... ƙofar ce. Ko a rufe, shiga da fita ma yana shigo da zafi, ya taɓa injin."

Iya ta dube ta, ta dubi injin, ta yi 'yar dariya.

"Ashe ni ce zafin."

Ta ɗauki bokitinta, ta ja ƙofar a hankali.

Lambobi suka daidaita. Farfesa ya gyaɗa kai, ya bar mata injin.

Yanzu da rana tsaka takan ji tsintsiyar Iya tana tahowa a baranda. Ta ɗan tsaya bakin ƙofa, sannan ta wuce.

"Sannu, Iya," takan ce ƙasa-ƙasa, hannunta kan maɓallin leza.