Ƙarfen da Ke Idon Maigidana

Ina shanya kaya mai faci ya yi sallama, wanda rumfarsa ke jikin shagon waldar maigidana. Bai taɓa taka gidanmu ba. Ya tsaya yana murza hula, ya ce Baban Yara ya dafe ƙeya, ya zauna a kan benci, bai sake tashi ba.

Ciwon kan ya daɗe. Shi cewa yake ƙarar guduma ce da surutuna. Sai da fatar idonsa ta fara sauka da kanta na ja shi asibiti. Likita ta ce tana zargin jijiyar jini ce ta kumbura a cikin kansa, kuma irinta fashewa take yi. Akwai inji mai maganaɗisu, in ji ta, mutum ya kwanta a ciki ya zano jijiyoyin kai kaf, ba yanka.

Ranar hoton aka sa ya cire agogo da bel da makullai. Ma'aikaciya ta tambaya ko akwai ƙarfe a jikinsa. Ya ce babu. Ni kuwa na tuna lokacin da ɓarɓashin ƙarfe ya faɗa masa a idon dama, ya yi ta hawaye, ya ƙi asibiti. Na faɗa.

"Hajiya mai rediyo," ya ce, "ke wa ya kunna ki?"

Suka duba, ga shi kuwa yana nan, bai kai ƙwayar yashi ba. Suka ce maganaɗisun zai iya fizgo shi ya tsiyaye idon. Sai dai wani hoton daban, a wani asibiti, aka sa mana rana. A hanya bai kula ni ba. Muna shiga gida ya ce, "Da ido ɗaya ma ai ana walda."

Ranar ba ta riske shi ba.

Likita ta ce daidai na yi. Surukata ta ce kwana ne ya ƙare. Duk na yarda. Amma bakina ne ya fito da shi daga ƙofar ɗakin injin nan, wannan kuma ba mai sauke min.

Da yake yayansa ma haka ya tafi, aka ce a duba 'yarmu. Da hannuna na cire mata 'yan kunne. Injin ya yi ta buge-buge, ina waje ina jira. Aka nuna mana hoton: jijiyoyin farare kamar saiwar bishiya, ba ƙulli ko ɗaya. Na yi godiya, sannan kuka ya ƙwace min. Ashe abin da sauƙi haka.

Yanzu kullum da safe, kafin ta fita aiki, sai na dafa goshinta na ce, "Ya kan?" Ta gaji da ni. Amma tana tsayawa har in ɗauke hannuna.